Na Ƙirga da Salla, Sun Ƙirga da Kalanda

Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi a firamare, goman ƙarshe ina hedimasta a cikin garin Bagudo. Duk wanda ya san ni ya san ba a ƙirga mini canji. Ni nake ƙirga wa mai shago, in ya yi gardama in zaro biro daga aljihu. Maiɗakina takan ce ko likkafani aka zo yanka mini sai na tashi na duba awon. To ni ɗin nan ne na yi kuskuren kwana hamsin da biyar, kuskuren da saura ƙiris ya raba mu da gonar mahaifinmu karo na biyu.

Gonar tana cikin fadamar Kaoje, inda aka haife mu. Ba wata babba ba ce, amma ƙasar shinkafa ce ta gaske, baƙa, mai riƙe ruwa. Mu biyu Baba ya haifa, ni da Yaya, wadda ta girme ni da shekara takwas. Ita ce ta san gonar. Ita ke kai wa Baba fura a ka, ita ke wuni tana korar tsuntsu in shinkafa ta fara nuna, ni kuwa ina makaranta ina ƙazanta riga da tawada. Shekarar da na samu shiga kwalejin horon malamai, Baba ya sayar da gonar ga wani ɗan kasuwa Badandi, ɗan ƙabilar Dandawa, mai fatauci tsakaninmu da Benin. Da kuɗin aka saya mini akwatin ƙarfe da kayan makaranta, aka riƙa biya mini kuɗin mota har na gama. Da Baba ya rasu, babu abin rabo sai gida da fartanya uku. Yaya ba ta taɓa buɗe baki ta ce rabonta na cinye ba, ko sau ɗaya, ko cikin fushi. Da ma ta faɗa, da na samu abin musu. Shirunta ya fi damuna, kuma na daɗe da ƙudurta cewa sai na dawo da gonar nan.

Sau biyu ina zuwa wajen tsohon Badandin ina taya, sau biyu yana ba ni goro yana cewa shi ba ya sayar da ƙasa yana numfashi. Don haka da na yi ritaya, na samu ɗan abin da na samu, na haɗa da wanda na daɗe ina tarawa, sai na rasa inda zan sa su. In na bar su a hannu, biki da suna da 'yan'uwa za su lashe su cikin shekara guda, na san halina na san halin dangina.

Na tafi Birnin Kebbi, ofishin kamfanin da ke riƙe da fanshona. Wadda na tarar a teburin farko ɗalibata ce. Mahaifinta mutumin kudu ne, Kirista, mai kemis a bakin kasuwar Bagudo, ita kuma a garinmu aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yana. Na koyar da ita a aji biyar. Yanzu ta zama babbar mace da 'ya'yanta, amma da ta gan ni sai da ta miƙe tsaye. Ita ce ta yi mini bayanin cewa akwai wani sashe na ajiyar ganin dama. In na mayar da kuɗina can na bar su shekara biyar ban taɓa ba, zan kwashe su da abin da suka haifa, babu harajin ko kwabo. In kuwa na taɓa kafin lokaci, za a yanka.

"Shekara biyar cif, Malam," in ji ta, "daga ranar da kuɗɗin sunka shiga. Ko kwana guda yar rage, sai an yanka."

Ta rubuta mini ranar a takarda. Na kawo takardar gida na jefa cikin akwatin ƙarfen nan nawa na kwaleji, ban sake duba ta ba. Me zan duba? Kwana huɗu ne bayan Babbar Salla, har soyayyen naman layya na kai wa ɗalibar tawa a leda. Mu nan da Salla muke ƙirga komai. Yaro an haife shi Salla uku da suka wuce, wane ya rasu tsakanin Salloli, an ɗaura aure bayan Salla. Na ce wa kaina Salla biyar, shi ke nan.

Daga nan fa bakina bai huta ba. Muna da majalisa a gindin darbejiya kusa da masallaci, mu tsofaffin ma'aikata, bayan la'asar. Wani ya zuba nasa a shanu, wani a buhunan shinkafa, wani ya ba ɗansa ya shiga harkar fetur a bakin iyaka, kuɗin suka bi ruwa. Ni kuwa kullum sai na tuna musu cewa shekara talatin da biyar gwamnati tana yankar albashina kafin in gan shi, amma wannan karon ko ƙamshi ba za ta ji ba. Na faɗa har sun haddace. In na buɗe baki sai wani ya ƙarasa mini. Kowace Salla kuma, da zarar an gama fiɗar rago, sai in ɗauki alli in ja layi guda a bayan ƙofar ɗakina. Maiɗakina ta ce ba ta taɓa ganin fursunan da ke murna da kwanakinsa irina ba.

Ina da layi huɗu a bayan ƙofa sai tsohon Badandin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Gonar ta faɗa hannun babban ɗansa, wani Alhaji da ya fi zama a tsallaken iyaka, yana da shaguna can, noma kuwa bai dame shi ba. Bayan azumin shekara ta biyar ya aiko mini cewa zai sayar. Na hau mashin ɗina, tsohon abokin tafiyata tun ina hedimasta, na same shi a kasuwar bakin iyaka, cikin hayaniyar Dandanci da Fulatanci da Faransanci. Muka yi ciniki gaban mutum biyu. Ya gaya mini gaskiya cewa akwai wani babban manomi mai tarakta da ke bin gonakin fadamar yana saye ɗaya bayan ɗaya, kuma ya taya da tsada, amma mahaifinsa ya bar wasiyya a fara yi mini tayi.

"Yaushe za ka kawo kuɗɗin, Malam?"

"Bayan Salla da mako guda," na ce, har da bugun ƙirji.

Daga can ban zarce gida ba, sai Kaoje. Yaya tana zaune a gidan mijinta marigayi tare da matar ɗanta. Na same ta a tsakar gida da faifai a cinya tana tsintar tsakuwa cikin shinkafa, tana kawo faifan kusa da fuska don idon ya yi rauni. Na zayyana mata komai. Ba ta ɗago ba.

"Auta," ta ce, don har yau haka take kirana, da furfurata da jikokina, "kak ka hwaɗa man abin da ba ka riƙa ga hannu ba."

Na ce mata ta ɗauka gonar tana cikin aljihun nan nawa. Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni, ta yi ɗan murmushi, ta koma kan faifanta.

Salla ta zo, na ja layi na biyar da ƙarfi har allin ya karye. Kwana huɗu bayanta na sa babbar rigata na shiga motar Birnin Kebbi. Ɗalibata tana nan, an ƙara mata girma, tebur ya fi na da faɗi. Muka gaisa, na ce na zo kwasar kayana. Ta danna kwamfuta, ta duba, ta sake dubawa. Na ga fuskarta ta canza.

"Malam, da saura."

"Sauran mi?"

"Sauran kwana hamsin da biyar."

Raina ya ɓaci nan take. Na ɗauka irin wasan ofis ne, a riƙe kuɗin mutum a yi ta juyawa. Na ɗaga murya har na kusa da mu suka waiwayo. Na shiga lissafa mata da yatsu: Sallar da na yanka baƙin rago, Sallar da aka yi ruwa a filin idi, Sallar da jikata ta yi ƙyanda, haka har biyar. Na ce in ba ta iya ƙirga ba ta zo in sake koya mata. Ta bar ni na gama. Sannan ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Malam, kai kak koya muna ga aji biyar. Kac ce shekarar wata ta gaza ta kalanda da kwana goma sha ɗaya. Har allo kab buga da rula don kar mu manta."

Sha ɗaya sau biyar. Ban buƙaci biro ba. Na ji kunya tana hawa mini tun daga ƙafa. Abin haushin shi ne duk alamun suna gabana. Ranar da na kawo kuɗin, damina ta yi nisa, gero ya kai ƙugu. Yau kuwa ruwan shuka ne kawai ya sauka. Kowace shekara ina ganin Salla tana ja da baya, ina ma cikin masu ƙorafin cewa bana layya ta zo da wuri kuɗin rago bai taru ba, amma ban taɓa haɗa wannan da takardar da ke cikin akwatina ba.

Ta ce hanya biyu ce: in jira kwanakin su cika in kwashi komai, ko in sa hannu yanzu a yanki haraji. Ta nuna mini abin da zai rage in an yanka. Bai kai kuɗin gonar ba. Na nemi ganin manaja, ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ruwan sanyi, ya maimaita mini abin da ta faɗa da Turanci.

Washegari na koma bakin iyaka wajen Alhaji, na cire girman kai na gaya masa abin da ya faru, na roƙi ya ƙara mini wata biyu. Bai yi dariya ba, na gode masa da wannan. Amma ya girgiza kai.

"Malam, ni ban canza magana ba, kai kas sa rana da bakinka. Ruwa ya sauka. Gona ba ta jiran wata biyu, in anka bari damina ta wuce ta. Wancan mutumin kuɗɗinai na ga mota, cikin makon ga shika son shi sa tarakta. Ni ko ina da kaya Kwatano suna jiran a hiddo su."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya ƙara ba ni haushi. Iyakar abin da ya yarda shi ne in kawo kafin alƙalami nan da kwana uku, sauran kuma ya jira ni mako biyu. In kwana uku ya wuce, in yafe masa.

Zan faɗi gaskiya a nan, don na tsufa da yi wa kaina kwalliya. Ba yankan ne ya fi ci mini rai ba. Majalisa ce. Shekara biyar ina cika baki, yanzu in je da ƙafata in miƙa wa gwamnati wuƙa saura kwana hamsin da biyar? Na ɗauko takarda na shiga lissafi. In na jira, kuɗina za su fito cif, in sayi wata gona wajen Lafagu da aka taɓa yi mini tayi, wadda ta fi ta Baba girma, ga ta kusa da hanya, ga shi ambaliya ba ta kai mata. Ta kowace fuska lissafin ya ce in jira. Na nuna wa maiɗakina, ina sa ran ta yaba. Ta duba takardar kamar ta iya karatun boko, ta miƙo mini.

"Lissahi ya yi kyau, Malam. Sai ka tai ka karanta ma Yaya."

Na ce ai zan je, me zai hana? A rana ta biyu na hau mashin na nufi Kaoje da takardata a aljihu, ina ta shirya maganar a hanya. Zan ce mata ƙasa duk ƙasa ce. Zan ce mata Baba da kansa, da yana raye, babbar zai zaɓa.

Na tarar ta shimfiɗa tabarma a rana, ta baza shinkafa mai ƙaiƙayi a kai, tana bi da tafin hannu tana fitar da marasa ƙwari. Jar shinkafa ce irin ta da, wadda yanzu ba kowa ke shukawa ba. Na tambaye ta ta mece ce.

"Iri na," ta ce. "Na Baba. Ranar da anka sai da gonar nid ɗebi mudu guda nib ɓoye. Duk shekara ina samun inda nil liƙa shi ga gonar mutane, ko taki goma na, don kar shi mutu. Bana dai shi koma gida."

Fiye da shekara arba'in. Ban taɓa sani ba. Ina can ina ja wa ƙofa layi da alli ina ganin ni ne mai haƙuri, ashe ga wadda take ƙirga nata da damina, ba ta gaya wa kowa ba. Na ji takardar nan a aljihuna kamar garwashi. Ta tambaye ni ko lafiya na zo da rana haka. Na ce lafiya lau, hanya ce ta biyo da ni. Na sha ruwa na tashi.

Da safe na kai mashin ɗin kasuwa. Dillalin ya so ya raina shi, na tsaya masa har sai da ya yi gumi, don ko a ranar ban bar halina ba. Abin da aka ba ni na kai wa Alhaji a matsayin kafin alƙalami tun azahar ba ta yi ba, kuma shi ne daidai abin da zai cike gurbin yankan. Na dawo gida a kabu-kabu, ina riƙe da hulata a bayan wani mai gudu kamar an biyo shi. Kashegari na koma Birnin Kebbi. Ɗalibata ta ajiye mini fom, amma ta riƙe biron.

"Malam, ka tabbata? In kas sa hannu ba a komawa."

"Yanka, ɗiyata," na ce. "Wanda yay yi kuskure shi ka biya. Haka nik koya muku."

Ta yi dariya, idonta ya ciko da ƙwalla, ta ba ni biron. Na sa hannu.

Kwana goma kuɗin suka ɗauka kafin su fito, kuma kwana goman nan majalisa ta ci kasuwa a kaina. Ban jira su ji a bakin wani ba, ni na kai musu labarin da kaina, har da goro. Wanda kuɗinsa suka bi fetur ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya. Suka ce to Malam, gwamnati ta ji ƙamshi ko ba ta ji ba? Na ce ta ji, ta ci, ta sha romo, kuma ni na zuba mata. Tun daga ranar in na iso sai wani ya ce a matsa wa Sha Ɗaya ya zauna. Har yau sunan yana nan, ina kuma amsawa, don na ci sunan.

Aka rubuta takardar ciniki a zauren mai gari a Kaoje, gaban shaidu. Da mai rubutu ya ɗago ya ce sunan wa za a sa, na ba shi sunan Yaya da na Baba. Alhaji ya dube ni ya ce ko na yi kuskure ne kuma. Na ce a'a, wannan karon na duba sau biyu.

Washegari da hantsi na ɗauki kabu-kabu biyu muka tafi fadama, ni da ita da ƙullin irinta da fartanya. A gonar da ke gabas da tamu tarakta tana ta kai da komo, mai ita ya riga ya saye wancan gefen. Yaya ko kallonta ba ta yi ba. Ta tuɓe takalmi a bakin gona ta shiga da ƙafa. Matar da ba ta ganin tsakuwa a faifai sai ta kawo shi kusa da hanci, ita ce ta bi iyakar nan tiryan-tiryan, ta nuna mini kututturen giginyar da ake ɗaure jaki, ta nuna inda take zama korar tsuntsu. Har ta ce shaidun jiya sun ci mana taki biyu ta kudu, kuma da aka kira maƙwabcin ya ce gaskiyarta.

Da ta gaji ta zauna a kan kunyar gona, na zaro takardar cinikin na ce bari in karanta mata. Na karanta a hankali, da muryar da nake karanta sakamakon jarrabawa. Da na zo kan sunanta sai ta ɗaga hannu.

"Maimaita."

Na maimaita.

"Ba naka ba?"

"Nawa na cinye tun ina yaro, Yaya. Wagga taki ta."

Ta karɓi takardar, ta shafa ta da yatsu duk da ba ta san ko harafi ɗaya a ciki ba, ta ninke ta ƙulle a bakin zanenta. Ni kuwa na juya ina kallon tarakta kamar ban taɓa ganin irinta ba. Sai na ji tana kwance ƙullin iri.

"Ashe karatun nan naka ya san hanyar gida," ta ce. "To tuɓe rigar ga, Auta, rana na yi."

Na tuɓe babbar rigar na rataye a kututturen giginya, na karɓi fartanya.